Wa ke zaɓen gwarzon wasan bidiyo na shekara, kuma ina ƙuri'ar masoya take tafiya?

Tambaya: Malam, a 2024 Black Myth: Wukong ya ci ƙuri'ar jama'a a The Game Awards, ya ci a Steam, manhajar sayar da wasannin kwamfuta, ya ci a bikin Golden Joystick, amma da aka zo kan kyautar gwarzon shekara sai aka miƙa wa Astro Bot. Wannan ba maguɗi ba ne? In alƙalai ne za su yanke hukunci, me ya sa ake kiranmu mu jefa ƙuri'a? Sannan ta yaya Shadow of the Erdtree, DLC na Elden Ring, wato ƙarin da aka ɗora a kan wasan, ya shiga takara da cikakkun wasanni?

Amsa: Ɗan'uwa, idan maguɗi shi ne a ƙirga ƙuri'a sannan a sauya sakamako, to babu wanda ya taɓa kawo hujjar an yi haka. Abin da suka rubuta a ƙa'idarsu shi suka bi. Amma ƙorafinka yana da tushe, sai dai ka ɗora shi a wurin da ba nan ciwon yake ba. Rashin adalcin da ke cikin waɗannan kyaututtuka yana faruwa tun kafin a buɗe zaɓe, wato wajen fitar da 'yan takara da wajen yanka rukunan da ake saka su ciki. Kafin in kai nan bari mu fara da ƙuri'arka.

The Game Awards ba hukuma ba ce, ba kuma ƙungiyar masu sana'ar haɗa wasanni ba ce. Shiri ne na Geoff Keighley, ɗan jarida ɗan ƙasar Kanada, wanda ya fara shi a 2014 bayan tashar Spike ta daina nata bikin. Duk watan Disamba ake yin sa a Los Angeles ta Amurka, in ban da na farko da aka yi a Las Vegas. Zaɓen hawa biyu ne. A hawa na farko kafafen labarai sama da 100 daga ƙasashe daban-daban, mujallu da shafukan wasanni da wasu masu tashoshin intanet, kowace tana aika sunayen wasannin da ta zaɓa a kowane rukuni, waɗanda suka fi yawan fitowa su zama 'yan takara. A nan kai da ni ba mu da ko ƙuri'a ɗaya. A hawa na biyu ne ake haɗa ƙuri'ar waɗannan alƙalai da ta jama'a, alƙalai kashi 90 cikin 100, jama'a kashi 10.

Yi lissafin da kanka. A ce alƙalai sun ba wasa na farko kashi 40 na ƙuri'unsu, na biyu kashi 30. In aka auna da kashi 90, na farko yana da maki 36, na biyu 27, tazarar maki 9 ke nan. Duk abin da ke hannun jama'a maki 10 ne. Kafin na biyu ya cimma na farko sai ya fi shi da kashi 90 na ƙuri'ar jama'a, a zaɓen da wasanni shida ke takara. Wannan ba ya faruwa. Ƙuri'ar jama'a tana aiki ne kawai in alƙalai sun rabu kusan daidai, ta raba gardama. Ko ta taɓa raba irin wannan gardamar, masu bikin ne kaɗai za su iya faɗa, domin ba sa fitar da alƙaluman zaɓen, sunan wanda ya ci kawai ake karantawa.

Su masu shirin sun ba da dalilansu, kuma ba na banza ba ne. Na ɗaya, wasan da ya fito a na'ura guda, kamar Astro Bot da sai a PlayStation 5 ake buga shi, ba zai taɓa tara masu zaɓe kamar wanda ke kan kwamfuta da Xbox da PlayStation da waya ba. Na biyu, zaɓen intanet abu ne da ake iya yi wa gangami. Akwai na uku da ba sa faɗa, a ganina kuma shi ne babba: wanda ya jefa ƙuri'a zai zauna ya kalli bikin don ya ga ko nasa ya ci. A 2023 sun ce an kalli shirin sau miliyan 118, a 2024 sau miliyan 154. Da wannan adadin ake sayar wa kamfanoni gurbin tallar sababbin wasanni, kuma tallar ce ke cinye mafi yawan daren. A 2023 daƙiƙa 30 aka ba waɗanda suka ci kyauta su yi godiya kafin allo ya fara nuna musu su taƙaita, alhali baƙin da suka zo tallata abin da bai fito ba sun yi ta hira a nitse. Kashi goman nan da ake ba ka rabinsa girmamawa ne, rabinsa kiran kasuwa.

To me zai faru in aka sakar wa jama'a zaɓen gaba ɗaya? Ba sai mun yi hasashe ba, an gwada.

Tun 2019 The Game Awards tana da rukunin Players' Voice, wanda jama'a ne zalla ke zaɓa, zagaye uku, daga wasanni 30 zuwa 10 zuwa 5. A 2022 sai abin ya koma faɗa tsakanin masoyan Sonic Frontiers da na Genshin Impact, a shekarar da Elden Ring da God of War Ragnarök suka fito. Kowane ɓangare yana zargin ɗayan da sakin asusun bogi. Genshin ya ci, Keighley kuma ya ambata a kan dandamali cewa sai da aka cire ƙuri'un bogi kafin a ƙirga. Amma ni ba asusun bogin ne ya fi damuna ba. Genshin wasa ne da ake saukewa kyauta, kamfanin yana samun kuɗinsa ta hanyar sayar da damar jan jarumi bisa sa'a, irin wasannin da ake kira gacha. Da ya ci kyautar wasan waya a 2021, kamfanin ya raba wa kowane ɗan wasa primogem 1,600, kuɗin cikin wasan ke nan, daidai jan sa'a goma. Bai fito ya ce ku zaɓe ni in biya ku ba. Ba ya ma buƙatar faɗa, kowa ya riga ya san abin da ke biyo bayan nasara. Da ya ci a 2022 ya sake raba 800. Sega, kamfanin Sonic, ba ta da abin da za ta raba wa masu Sonic irin wannan, FromSoftware mai Elden Ring ma haka. Duba biyar ɗin ƙarshe na 2024, shekarar da kake magana a kai: Wukong, Shadow of the Erdtree, Genshin Impact, Wuthering Waves, Zenless Zone Zero. Uku daga ciki gacha ne. A 2025 Wuthering Waves ya ci rukunin, ya doke Clair Obscur: Expedition 33 da ya kwashi kyauta tara a daren.

Na Steam ya fi wannan ban dariya. Can masu amfani da manhajar ne ke fitar da 'yan takara, su ne kuma ke zaɓa. Akwai rukunin Labor of Love, na tsohon wasan da masu shi ba su yar da shi ba, suna ta ƙara masa sababbin abubuwa. A zaɓen 2023 Red Dead Redemption 2 ya ci, wasan da Rockstar ta sanar tun Yulin 2022 cewa ta daina yi wa ɓangarensa na intanet manyan ƙari, har 'yan wasan suka taru a cikinsa suka yi masa jana'iza. Ya doke Deep Rock Galactic, wanda masu shi ke ta fitar da ƙari kyauta shekara da shekaru. A wannan zaɓen dai aka ba Starfield kyautar sabon salon wasa, a daidai lokacin da sharhin kwanan nan na masu sayensa a Steam ɗin kanta ya karkata zuwa kushe. Wasu da gangan suka zaɓa don zolaya. Mafi yawa kuwa dalilinsu ya fi haka sauƙi: Steam tana ba da 'yar tukuici, baji ko sitika, ga wanda ya jefa ƙuri'a, mutum ya buɗe rukuni ya ga sunaye biyar, ɗaya kawai ya taɓa ji, ya danna shi ya wuce. Ba a tambayar kowa ko ya buga sauran huɗun.

Masu kallon ƙwallo sun san wannan tun a 2018, lokacin da ƙuri'ar jama'a ta ba Mohamed Salah kyautar Puskás da ƙwallon da ya ci Everton, a shekarar da Cristiano Ronaldo ya ci Juventus da bugun sama, Gareth Bale ma ya ci irinta a wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Shekara na zagayowa FIFA ta sauya tsari, ta sa tsofaffin 'yan wasa cikin masu yanke hukunci. Ƙuri'ar jama'a ba ƙarya take faɗa ba. Gaskiya take faɗa game da wane ne ya fi yawan masoya kuma masoyansa suka fi haɗin kai, wannan kuwa tambaya ce daban da wane aiki ya fi kyau.

Kada ka ɗauka da wannan na wanke alƙalai. Su ma suna da nasu makantar, kuma tasu ta fi wuyar gani saboda tana zuwa da rigar ƙwarewa.

Dubi jerin waɗanda suka ci gwarzon shekara tun farko: Dragon Age: Inquisition, The Witcher 3, Overwatch, Breath of the Wild, God of War, Sekiro, The Last of Us Part II, It Takes Two, Elden Ring, Baldur's Gate 3, Astro Bot, Clair Obscur. Wasanni ne masu kyau, ba ni da ja a kan ko ɗaya. Amma babu na ƙwallo, babu na tseren mota, babu na dambe, babu na dabarun yaƙi, babu wanda aka yi domin waya. Forza Horizon 5 yana cikin waɗanda masu sharhi suka fi yabo a 2021, su ɗin dai da ke zaɓen, amma ko takarar gwarzon shekara bai shiga ba, saboda a ransu wasan mota ba irin wanda ake ba wannan kyautar ba ne. Abin da ɗan jaridar wasanni ya saba ɗauka a matsayin babban wasa shi ne mai labari, mai jarumi guda, wanda ake farawa a gama a rubuta sharhi a kansa cikin mako biyu. Wasan da sai ka yi wata shida kana bugawa da mutane kafin ka gane zurfinsa ba ya shiga wannan ma'auni. Shi ya sa abin da ake bugawa a shagunan gem na Kano da Zinder, ko Free Fire da Call of Duty: Mobile da ke cikin wayoyin samari, duniyarsu daban take da ta wannan biki. Wasan ƙwallo ko rukunin kansa ba shi da shi, an haɗa shi da tseren mota, EA Sports FC yana takara da Forza da F1 kamar akwai abin da ya haɗa su.

Kuma su ƙwararrun ba bakinsu ɗaya ba. Ɗauki wasannin 2019. The Game Awards ta ba Sekiro. BAFTA ta Birtaniya ta ba Outer Wilds. DICE da Game Developers Choice, inda masu haɗa wasanni ke zaɓen junansu, duka biyun sun ba Untitled Goose Game, wani ɗan wasa da kake zama dinya kana addabar mutanen ƙauye. A wasannin 2020 The Game Awards ta ba The Last of Us Part II, sauran ukun suka ba Hades. A na 2022 BAFTA ta tsallake Elden Ring ta ba Vampire Survivors, wasan da farashinsa bai wuce 'yan daloli ba. Duk wanda ya ce maka hukuncin alƙalai shi ne gaskiya, na jama'a kuwa son rai, ka tambaye shi waɗanne alƙalan.

A nan ne batun Wukong yake da nauyi. Wasan ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, mutum sama da miliyan 2 suna buga shi lokaci guda a Steam. Shi ne babban wasa na farko irinsa daga ƙasar Sin, an gina shi a kan tsohon labarin da kowane yaro a can ya tashi da shi. Matsakaicin makin masu sharhi a Metacritic, shafin da ke tattara makinsu, ya tsaya wajen 81, na Astro Bot 94. Tun daga wannan tazara duk mai bin harkar ya san inda kashi 90 ɗin zai faɗa. Ni da za a ba ni ƙuri'a a kan tsabtar aiki, Astro Bot zan ba, domin da wuya ka sami minti ɗaya a cikinsa da ba a goge shi ba, Wukong kuwa yana da bangon da ba a gani da ke tare ka a hanya, ga wurare masu faɗi da a farkon fitowarsa ko taswira babu. Amma akwai abin da ɗan wasan Sin ya gani a Wukong wanda mai sharhi a Landan ko New York ba shi da idon ganinsa, kuma wannan ma sani ne, ba son rai kawai ba. Shugaban Game Science, kamfanin da ya yi Wukong, Feng Ji, ya rubuta a Weibo, dandalin sada zumunta na Sin, bayan bikin yana nuna rashin jin daɗinsa, wasu suka yi masa dariya. Ni ban ga abin dariya ba. An ba shi kyautar Players' Voice da ta wasan faɗa, kuma da ba don akwai rukunin jama'a ba, da murya mai girman wannan ba ta da inda za ta fito a daren. Saboda irin haka ba na goyon bayan masu cewa a soke zaɓen jama'a.

Yanzu ga rukunai, inda na ce ciwon yake.

Kyauta tana da daraja ne in kowa ya san wane ne ya cancanci shiga tun kafin a ga sunaye. The Game Awards ta zaɓi akasin haka: bayanin kowane rukuni jimla ɗaya ce, sauran an bar wa alƙalai, abin da suka rubuto shi ne. Mafi shahara a nan shi ne rukunin wasa mai zaman kansa, indi. Bayaninsa ya ce wasan da aka yi a wajen tsarin manyan kamfanonin dillanci. A 2023 Dave the Diver ya shiga. Mintrocket ce ta yi shi, ita kuwa reshe ce ta Nexon, kamfanin da ke da MapleStory da Dungeon & Fighter, mai samun biliyoyin daloli a shekara. Abin da ya sa aka rubuta shi indi shi ne kamanninsa: zane irin na da, ƙaramin farashi, salo mai ban sha'awa. Daraktan wasan da kansa ya ce su ba indi ba ne. A wannan shekarar Baldur's Gate 3, wanda Larian ta Beljiyam ta yi da kanta ta kuma fitar da kanta ba tare da dillali ba, bai shiga rukunin ba, domin ma'aikata ɗaruruwa ne suka yi shi kuma bai yi kama da indi ba. Wato wanda ya cika sharaɗin da aka rubuta an bar shi, wanda bai cika ba an saka shi. Da aka tambayi Keighley sai ya ce kalmar tana da ma'ana daban-daban a wurin mutane, shi alƙalai yake bi. Sea of Stars ne ya ci, sai hayaniyar ta lafa, amma gurbi ɗaya cikin biyar ya riga ya tafi, kuma wani ƙaramin kamfani da ba za mu taɓa sanin ko wane ne ba shi ya rasa shi. Ga mutum biyu ko uku da suka yi shekaru suna haɗa wasa a ɗaki, fitowar sunansu daƙiƙa goma a gaban wannan taron tana iya zama bambancin ci gaba da sana'a da rufe ta. Nexon ba ta buƙatar wannan.

2025 ta maimaita darasin ta wata fuska. Clair Obscur, na Sandfall a Faransa, ya ci gwarzon shekara ya kuma ci indi da sabon indi duka. Kamfanin ƙarami ne, gaskiya, amma yana da dillali, Kepler Interactive, da kuɗin ɗaukar 'yan fim na Hollywood su yi murya. Ya yi takara da wasannin da mutane ƙalilan suka haɗa. In wasa ya isa ya doke kowa a babban rukuni, me ya kai shi ƙaramin da aka buɗe don waɗanda ba za su iya kaiwa can ba? A shekarar dai mai wasan Megabonk ya janye kansa daga rukunin sabon indi, ya ce ba shi ne wasansa na farko ba, ya taɓa fitar da wasu da wani suna. Ya kyauta. Amma ka lura shi ya faɗa, ba masu bikin ne suka gano ba.

Batun Shadow of the Erdtree da ka tambaya irin wannan ne. Ƙari ne na dala 40 da ba ya buɗewa sai kana da Elden Ring, sai kuma ka kashe Radahn da Mohg, aikin awowi masu yawa. Ana dab da fitar da sunayen 'yan takarar 2024 sai shafin bikin ya fito da bayani cewa ƙari da sabuntawa da wasan da aka sake ginawa duk suna iya shiga kowane rukuni in alƙalai sun ga sun cancanta. Kwanaki kaɗan sai ga shi cikin shida na gwarzon shekara. Masu kare abin suna cewa ba sabo ba ne, domin Blood and Wine na The Witcher 3 ya ci rukunin RPG, wasannin da kake rainon jarumi cikin labari, a 2016, kuma girman Erdtree ya fi na cikakkun wasanni da yawa. Duka gaskiya ne. Amma rabin abin da ya sa Erdtree ya yi daɗi, tsarin faɗan da makaman da yanayin duniyar, an riga an ba shi kyauta a 2022. Sannan lokacin da aka fitar da bayanin ya sa ko mai kyakkyawan zato ya ga kamar an ga sakamako ne aka gyara ƙa'ida ta dace da shi. BAFTA a wannan shekarar ta bi wata hanya: ƙa'idarta ta hana ƙari da wasan da aka sake ginawa shiga babban rukuni, don haka Erdtree da Final Fantasy VII Rebirth da Silent Hill 2 duk ba su shiga ba. Kana iya cewa sun zalunci Rebirth, ni ma ina ganin haka, domin kusan komai a cikinsa sabo ne. Amma ƙa'idarsu a rubuce take, ana iya jayayya da ita.

Sauran sai in bi su da sauri. Sifu, wasan mutum ɗaya yana dukan abokan gaba, ya shiga rukunin dambe na 2022 tare da The King of Fighters XV, abin da duk mai buga irin waɗannan wasanni ya san ba jinsi ɗaya ba ne. Monster Hunter: World ya ci RPG a 2018. Destiny 2 ya shiga rukunin kula da 'yan wasa a 2023, makonni bayan Bungie, kamfanin da ya yi shi, ta sallami ma'aikata har da wasu masu wannan aikin. Akwai rukunin wasan da aka fi ɗoki, inda ake ba da kyauta ga abin da babu wanda ya buga, Elden Ring ya ci sau biyu kafin ya fito, GTA VI ma haka. Ga kuma ranar rufe shiga, wajen tsakiyar Nuwamba: wasan da ya fito a Disamba, kamar Indiana Jones and the Great Circle a 2024, sai ya jira shekara guda, lokacin an manta da shi.

Wasu za su kawo maka maganar kusanci, cewa Sony da Microsoft da Nintendo da Kojima Productions suna cikin kwamitin ba da shawara na bikin, kuma Keighley da kansa ya fito a cikin Death Stranding, wasan Kojima Productions da ya fi kowa yawan takara a 2019. Shi ba ya zaɓe, kwamitin ma ba ya zaɓe, kuma Sekiro ne ya ci a shekarar. Ban ɗauki wannan hujjar maguɗi ba. Abin da yake nunawa shi ne biki ne da ke rayuwa da yardar kamfanonin da yake aunawa, irin wannan kuwa ba ya son ƙa'ida mai kaifi da za ta hana wani babba shiga.

Da za a tambaye ni gyara, ba zan taɓa kashi 90 da 10 ba. Zan ce a rubuta sharuɗɗan kowane rukuni tun watan Janairu, a ce indi shi ne wanda babu babban kamfanin da ya mallake shi kuma kuɗin aikinsa bai wuce kaza ba, a buɗe wa ƙari rukuninsa, a raba ƙwallo da mota. A miƙa rukunin dambe da na dabaru da na waya ga mutanen da su suke bugawa, kamar yadda suke yi wa rukunin gasa da na sauƙaƙa wasa ga masu naƙasa, inda suke da alƙalai na musamman. A fitar da alƙaluman zaɓe bayan biki, na alƙalai daban na jama'a daban. A Players' Voice kuwa a taƙaita shi ga wasannin shekarar, domin Genshin tun 2020 ya fito amma kusan kullum yana cikin na ƙarshe.

Kai kuma in kana son ƙuri'arka ta yi nauyi, ka kai ta inda take da shi. Golden Joystick, wanda ake yi a Birtaniya tun 1983, yawancin rukunansa jama'a ne ke yankewa, duk da cewa jerin 'yan takarar masu shirin ne ke fitarwa. A Steam mafi amfani shi ne zagayen farko na ƙarshen Nuwamba, lokacin da ake rubuta sunayen da za su shiga, domin a nan ne ƙaramin wasan da ka buga ka ji daɗinsa yake da damar kutsawa cikin biyar. In an zo zagaye na biyu, rukunin da ba ka buga aƙalla biyu daga cikin 'yan takararsa ba, ka bar sitikar ta wuce ka.